Ku Daina Sayar Wa Yaranmu Kwaɗon Ƙarya

Daga Anka zuwa Gummi har Bukkuyum, matashin da ya ɗan haɗa jari a yau burinsa ya buɗe shafin sayar da data da katin waya. Ban ga laifinsa ba. 'Yan bindiga sun hana zuwa gona, aikin gwamnati babu, kuma tun wahalar canjin kuɗi ta 2023 mutanenmu suka saba da tura kuɗi ta waya. Waɗanda ke ba ni haushi su ne masu haɗa wa yaran nan manhaja, su karɓe musu kuɗi, su buga ƙirji su ce sun kulle ta, ba mahaluƙin da zai iya buɗewa. Ƙarya ce, kuma da yawansu sun san ƙarya ce.

Abin da suke kira kullewa dagula rubutu ne kawai. Kayan aiki irin su ProGuard da R8 suna ɗaukar sunayen da mai rubutu ya raɗa wa sassan manhajarsa su mayar da su a, b, c, don mai leƙe ya sha wuya. Iyakarta ke nan. Wayar da za ta yi aiki da manhajar dole ta karanta umarnin, abin da waya ta karanta kuwa mutum mai haƙuri zai karanta. JADX kyauta ake sauke shi, yana kwance manhajar Android ya baje ta a fili. Na shafin intanet ma ya fi muni, domin rubutun JavaScript kai tsaye ake aika wa duk wanda ya buɗe shafin. Tun 2001 Boaz Barak da abokan bincikensa suka kafa hujjar lissafi cewa babu wata hanyar dagulawa da za ta ɓoye sirrin kowace irin manhaja gaba ɗaya.

To ina amfanin dagulawar idan mabuɗin asusun dillali, wanda da shi ake cire kuɗin data, yana zaune a cikin manhajar da kowa ya sauke? Kamar mutum ne ya garƙame rumbu, ya tura makullin ƙarƙashin tabarmar ƙofa. Ranar da ɓarawo ya tsinta, kuɗin da za su tafi na tela ne da mai shayi da matar da ke sayar da fura, waɗanda suka zuba 'yan canjinsu saboda sun san yaron kuma sun san gidansu. Shi zai sha kunya a kasuwar Gummi. Wanda ya haɗa manhajar yana can birni, ya kashe waya.

Akwai wata mugunta da ta fi wannan. Wasu suna sayar da shafin da aka rufe da ionCube, mai saye ba ya ganin ko layi ɗaya na abin da ya biya. Bai san ina lambar NIN da BVN ta jama'a ke zuwa ba. Bai san ko an bar wata ƙofar baya ba. In shafin ya lalace, sai abin da wanda ya sayar masa ya yanka masa. Alhali dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 tana ɗora nauyi a kan wanda ya tattara bayanan, wato shi wannan yaron da aka rufe wa ido.

Na san amsar masu haɗa manhajar: ana sace mana aiki. Gaskiya ne, kuma satar gumin mutum haramun ce. Dagula rubutu don rage ɓarayi ba laifi ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ma ta amince da manhaja a matsayin dukiyar wanda ya rubuta ta. Laifin shi ne a sayar da dagulawa da sunan tsaro, ga mutanen da rayuwa ta riga ta matse.

Matasanmu, kafin ku biya ko sisi, ku tambayi mai haɗawa ina ya ajiye mabuɗin asusu. In a cikin manhajar yake, ba a kan saba (server) ba, ku riƙe kuɗinku. Ku nemi yarjejeniya a rubuce, da shaidu, wadda ta fayyace wa ke da rubutun manhajar da wa zai biya in an yi asara. Wanda ya ƙi sa hannu, kada ku ba shi amanar jama'a.