Bakin Tsohuwa da Gigin Tsufa

'Yan'uwana mata, yaushe rabonku da duba bakin tsohuwar gidanku? A 2021 masanan Jami'ar New York ta Amurka sun tattara bincike 14 kan mutum fiye da 34,000, suka ga gigin tsufa ya fi kama masu yawan giɓi. Masu haƙoran roba kuwa da sauƙi.

Abin gaba da baya ne. Mai giɓi ba ta iya tauna abinci mai gina jiki, mai mantuwa kuma takan bar asuwaki har dasashi ya kumbura. To, in Iya ta ture nama ta ce sai kunu, kada ku ce tsirfa ce. 'Yan makaranta, ku riƙa miƙa mata asuwaki da safe. Ke kuma uwargida, lallaɓa maigida a kai ta wurin likitan haƙori.