Jahar Diffa: wace dabba za a fara ceta?

Kuɗin kare namun daji ba su isa ko'ina ba, dole a yi zaɓi. A 2007, ƙungiyar masana dabbobi ta Landan, ZSL, ta fito da ma'aunin EDGE mai tambayoyi biyu: shin dabbar na da dangi na kusa a duniya, kuma tana dab da ƙarewa?

A kwarin Komadugu, gaiwa na amsa tambayar farko, domin tsatsonta ya girmi na akasarin kifayen da masunta ke kamawa. Amma tana da yawa a Afirka, saboda haka ba ta cikin gaggawa.

A arewacin jahar lamarin ya bambanta. Adaks, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, ita kaɗai ce a zuri'arta. Mafakarta ita ce gandun Tarmit da Tin-Tumma, wanda aka kafa a 2012 tsakanin jahohin Diffa, Damagaram da Agadas. Ƙidayar da aka yi a 2016 ta gano guda uku kacal.

Sai dai yankin na maƙwabtaka da rijiyoyin man fetur na Agadem, kuma a 2019 gwamnati ta sake shata iyakar gandun saboda haƙar mai. Ma'aunin ya nuna inda ya kamata a fara. Abin da ya rage shi ne hukumomi su hana farauta, su sa makiyaya Tubawa cikin aikin tsaron, tun kafin a rasa abin da ba shi da madadi.