Tsoro a bakin ƙofar jirgi: amsa ga ɗalibi mai koyon dirowa da laima

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

A makon jiya wani matashi daga cikin waɗanda suka taso a gabanmu, wanda yanzu yake karatu a Amurka, ya aiko mana da tambayar da ba mu saba samun irinta ba. Ya shiga koyon dirowa daga jirgin sama da laima. Ya riga ya diro sau da dama daga tsayin ƙafa 13,000 tare da masu horar da shi, har abin ya fara zama masa jiki. Yanzu an shaida masa cewa akwai darasin da ke gabansa na fita daga jirgi a tsayin ƙafa 3,500 kacal, ya buɗe laimarsa nan take. Ya ce tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Wani abokinsa ya ce masa wannan raunin imani ne, ai ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare, ya ambaci Allah kawai ya faɗa. Wani kuma ya ce tsoron nan gargaɗi ne cewa yana shirin kashe kansa. Shi ne yake tambaya, wace magana zai ɗauka?

Amsarmu ita ce kada ya ɗauki ko ɗaya. Mun ga ya dace mu kawo bayanin a wannan shafi, domin kuskuren abokan nan biyu kuskure ne da ya yaɗu a gidajenmu, ko da yake mafi yawanmu ba za su taɓa goya laima a baya ba.

Malamai sun kafa ƙa'idar cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake. Saboda haka mu fara da sanin darasin. A Amurka, ƙungiyar da ke kula da wannan wasa, USPA, ba ta ba ɗalibi lasisin farko sai ya cika dira 25. A tsarin horonta, ɗalibin da ya fara koyo daga sama sosai sai ya yi dira biyu na kusa da ƙasa, ɗaya daga ƙafa 5,500, ɗaya daga ƙafa 3,500, wato mita dubu da 'yan kai, kuma ya buɗe laima cikin daƙiƙa biyar da barin jirgi. Dalilin wannan darasi shi ne jirgi yana iya samun matsala tun yana hawa, matuƙi ya ba da umarnin kowa ya fita. Ana so ranar da hakan ta faru ya zamana ɗalibi ya taɓa ganin ƙasa a kusa haka, ya san abin da zai yi. Ashe darasin da yake firgita shi an sa shi ne domin tsare ransa.

Me ya sa yake firgita shi? Wanda ya saba dirowa daga ƙafa 13,000 yana da kusan minti guda a iska kafin ya buɗe laima, kuma a farkon koyo yakan buɗe ta ne a tsayin da ya fi ƙafa 3,500. Yanzu ga shi za a buɗe masa ƙofa a ƙasa da inda ya saba buɗe laima. Daga can sama ƙasa kamar shimfiɗar tabarma take. Daga nan kuwa yana ganin motoci da rufin gidaje da itatuwa ɗaiɗai. Ido sai ya gaya wa zuciya cewa babu lokaci. Amma lissafi ya saɓa wa ido. Jikin da ya bar jirgi ba ya fara faɗuwa da cikakken gudunsa, sannu a hankali yake ƙara sauri. Ƙafa dubun farko tana cin kimanin daƙiƙa goma. A daƙiƙa biyar bai ma sauko ƙafa 400 ba, yana sama da ƙafa 3,000, wadda ita ce iyakar da aka gindaya wa ɗalibai su buɗe laima kafin su wuce ta. Lokaci yana nan, sai dai ba shi da rarar da za a yi wasa da ita.

To, shin jin tsoro a irin wannan wuri raunin imani ne? A'a. Malaman tauhidi sun rarrabe tsakanin tsoron bauta, wanda na Allah ne Shi kaɗai, da tsoron ɗabi'a, irin tsoron maciji da wuta da zurfin ruwa, wanda ba a zargin bawa a kansa. Alƙur'ani ya ba mu labari a Suratul Ƙasas cewa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fita daga birnin Fir'auna yana cikin tsoro, kuma a Suratu Ɗaha an ambaci tsoron da ya ji a ransa ranar karawa da matsafa. Wa zai ce imanin wanda Allah Ya yi magana da shi yana da rauni? Bugun zuciya da gumin tafin hannu halitta ce da Allah Ya sanya domin bawa ya farka ya kula. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne ɗalibin da ya tsaya a bakin ƙofar jirgi bai ji komai ba, domin shi ne zai manta bai duba ɗamararsa ba.

Maganar abokin farko, cewa a ambaci Allah kawai a faɗa, ita ce ta fi haɗari, saboda ta yi shigar addini. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure ta kuma ya dogara. Shi kansa shugaban masu tawakkali ya sa sulke biyu ranar Uhudu. Ranar hijira ya ɗauki hayar ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ya nufi kudu alhali Madina tana arewa, ya ɓuya a kogon Sauru kwana uku. Halifa Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya bayyana wa Abu Ubaida cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi aikin gaɓɓai ne, kuma ɗaya ba ya ɗauke ɗaya.

Sababan mai dirowa sanannu ne. Yana goye da laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana. A dokar Amurka, ta ko-ta-kwanan sai ƙwararre mai lasisi ya warware ta, ya duba, ya sake naɗe ta duk kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Akwai kuma 'yar na'ura a cikin jakar ɗalibi da ke buɗe laimar ko-ta-kwana da kanta idan ya kusanci ƙasa yana faɗuwa da gudu. Kafin shiga jirgi, da kuma kafin fita, ana duba maɗauran ƙirji da na cinyoyi, da zobban da ke riƙe da babbar laima, da mariƙai uku: na buɗe laima, na yar da ita idan ta lalace, da na buɗe ta biyun. An kuma koya wa ɗalibi cewa kafin ya wuce ƙafa 2,500 lallai ya gama yanke shawara ko laimarsa lafiyayya ce ko zai yar da ita. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan ya kira shi tawakkali, ya yi wa tawakkali ƙazafi.

Wani abu da muka lura da shi a wannan darasi, wanda ya sa muka ga ya cancanci shafin addini, shi ne masu horarwa sun fi jin tsoron gaggawar ɗalibi fiye da tsoronsa. A daƙiƙun farko bayan barin jirgi, iska daga gaban jirgi take bugowa, ba daga ƙasa ba. Ana so ɗalibi ya fuskance ta, ya banƙaro ƙugunsa, ya ɗaga kai yana kallon jirgin da ya bari, ya daidaita, sannan ya kai hannu. Wanda firgici ya ci ƙarfinsa yakan kai hannu tun ƙafarsa ba ta gama barin ƙofa ba, sai ya wuntsila, laima ta buɗe yana juyi, igiyoyi su murɗe ko su naɗe masa hannu ko ƙafa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yabi Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi da halaye biyu da Allah Yake so, haƙuri da natsuwa. Natsuwa a daƙiƙa biyar ba ta samuwa a bakin ƙofa. A ƙasa ake gina ta, da maimaita fitar a jikin ƙofar gwaji har gaɓɓai su haddace, da tambayar malami duk abin da ya shige duhu, da isasshen barci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura maganar aboki na biyu. Gaskiya ne aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kawunanmu cikin halaka, kuma tsare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. Amma ma'aunin da malaman fiƙihu suka yi aiki da shi, tun a mas'alar hawan teku domin aikin Hajji, shi ne rinjayen kuɓuta. Idan kuɓuta ce ta fi rinjaye ga wanda ya koya kuma ya cika sharuɗɗa, abin ya halatta. Idan halaka ce ta fi rinjaye, ya haramta. Alƙaluman USPA na shekarar 2023 sun nuna mutum 10 ne suka rasu a cikin dira sama da miliyan uku da rabi. Kowane rai babba ne, amma wannan ba shi ne hoton wanda ya tashi kashe kansa ba. Ko a nan gida, sojojinmu suna koyon dirowa da laima a Jaji, jihar Kaduna, kuma su buƙatarsu ta fi ta mai wasa ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da muka fahimta shi ne halacci bisa sharuɗɗa: makaranta mai bin ƙa'ida, kaya lafiyayyu, yardar iyaye, kada kuɗin karatu ko haƙƙin iyali ya tafi a wasa, kada salla ta fita daga lokacinta, kada a yi don a gani a faɗa. Malamin da ya fi karkata ga hanawa saboda babu larura yana da hujjar da ake girmamawa, kuma wanda ya bar abin don tsantseni bai yi asara ba.

Muna kira ga iyaye da ɗalibai su dubi inda wannan darasi ya shafe mu. Sau nawa muka ji jirgin ruwa ya kife a Kogin Kwara da fasinjoji fiye da kima, babu mai rigar kariya ko ɗaya? Sau nawa direba ya hau hanya da tayar da ta sha jiki, fasinja ya yi magana, aka ce masa ba shi da tawakkali? Mai wasan laima yana duba kayansa sau biyu sau uku kafin ya fita, mu kuwa da aka umarta da ɗaure raƙuma muna jin kunyar tambayar birki.

Kai kuma ɗanmu, ga nasiharmu. Ka sanar da mahaifanka gaskiyar abin da kake yi. Ka gaya wa malaminka cewa kana jin tsoro, domin ya ga irinka da yawa. Ka maimaita a ƙasa har hannunka ya san hanyarsa ba tare da ka neme ta ba. Idan ranar ta zo ka ga ba ka shirya ba, ko iska ta yi ƙarfi, ka zauna ka sauko tare da jirgin, babu abin kunya a ciki. Idan kuwa ka shirya, ka yi azkar ɗinka na safe, ka duba kayanka, ka ja numfashi a bakin ƙofa, ka miƙa al'amarinka ga Wanda yake riƙe da tsuntsaye a sararin sama, sannan ka yi abin da aka koya maka, ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu a duk inda suke, Ya azurta mu da tawakkali na gaskiya da kyakkyawan shiri. Allah ne Mafi sani.