Ba Da Baki Ake Cin Karo Ba

Jiya da daddare ƙanwata da ke shirin zana jarrabawar WAEC ta same ni ranta a ɓace, wai ta ga an rubuta "we came up against many problems" ta rasa gane kansa. Ta duba ƙamus ta ga "come" zuwa ne, "up" sama, "against" kuwa gaba da. Ta ce, "Yaya, don Allah su waye suka hau sama?"

Na yi dariya, amma a zuciyata tausayinta na ji, domin ni ma sai da na maimaita jarrabawar Turanci sau biyu, ga shi ba a shiga jami'a sai da kiredit ɗinsa. Na ce mata ai nufinsu shi ne mun ci karo da matsaloli da yawa. Kalmomin nan uku a haɗe suke tafiya, ba a raba su, kuma ana faɗar su ne idan wani abu ya tare wa mutum hanya, kamar doka ko adawa ko rashin kuɗi.

Ta ce, "Wallahi Turawa sun cika son wahalar da mutane." Na ce to mu fa? Da wane baki ake cin karo? Muna cin kasuwa, mu ci jarrabawa, a ci amana, a ci mutunci, a ci gaba, kuma duk babu tuwo a ciki. Shi ma Bargery da ya wallafa ƙamusunsa a 1934 sai da ya bi irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Nan take ta gane, har ta kawo misalin kanta.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne yadda wasu malamai ke hana Hausa a aji. A makarantarmu har tara ake cin wanda ya yi ta, sai muka koma hadda kamar aku. Yaron da aka nuna masa cewa harshensa ma haka yake haɗa kalmomi ba zai ƙara jin tsoron Turanci ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Malamai da iyaye, don Allah a duba wannan. Allah Ya ba yaranmu sa'a, amin.