Wasiƙa a Buɗe ga 'Yan Kabu-kabun Katsina Kan Gardamar Wane Babur Ya Fi



Duk inda kuka taru kuna jiran fasinja, Ƙofar Ƙaura ce ko Ƙofar Marusa ko bakin Babbar Kasuwa, da wuya a watse ba a taɓa gardamar nan ba: Boxer ko TVS, Haojue ko Jincheng, wanne ne gwani? Ban ga laifin gardamar ba, mai sana'a dole ya san kayan aikinsa. Ma'aunin da ake yi da shi ne yake damuna. Wannan ya ce nasa ya fi tashi, wancan ya ce nasa ya fi daɗin ƙara, a rabu kowa da bakinsa. Ga wanda babur ke ciyar da iyalinsa, tambayar da ta dace ita ce nawa babur ɗin ya ci a wata kuma nawa ya bari a aljihu, amsarta kuwa sai a rubuce take samuwa.

Kasuwa ma da ma'aunin aljihu ta taɓa yanke hukunci. Manyanku sun san zamanin Jincheng AX100, wanda aka ƙera bisa tsarin Suzuki, mai ƙona baƙin mai tare da fetur yana tafe yana hayaƙi. Babu wanda ya raina tashinsa. Amma da Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya shigo da inji mai tsimin mai, da doguwar kujera, kayan gyaransa kuma suka cika shaguna, sai masu haya suka koma kansa. Aljihu ne ya yi wannan zaɓin, a lokacin da fetur yake da araha. To ina ga yanzu? Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Faɗuwar naira ta ɗaga kuɗin sabon babur da na kayan gyara, tun da yawancinsu daga waje suke zuwa. Idan babur biyu sun bambanta da rabin lita kacal a yini, a wata lita 15 ke nan. Ku buga da farashin yau ku gani.

Shawarata ita ce kowa ya sami ɗan littafi. A cika tanki, a rubuta abin da mita ta nuna, ranar da aka sake cikawa a rubuta lita nawa ya sha. A rubuta ranar juyen baƙin mai, da fulogi, da taya, da cen, da ladan bakanike. Sannan a rubuta abin da kusan kowa ke mantawa da shi, wato yinin da babur ya kwana a gareji ana jiran wani ƙarfen da babu shi a Katsina sai an aiko daga Kano. Wannan yinin ba ya zuwa da rasit, amma sau da yawa ya fi kuɗin ƙarfen ciwo. Littafin zai kuma raba laifin kamfani da na mai babur, wanda baki ba ya iya rabawa. Garinmu na ƙura ne, musamman da hunturu, kuma mai zirga-zirga a hanyoyin ƙauyukan Batsari ko Jibiya yana shayar da injinsa yashin da mai yawon cikin gari bai sani ba. Matatar iska in ta toshe sai babur ya ƙara shan mai, in ta yage ƙura ta shiga ta cinye fistin da zobensa. Mutum ya yi wata da watanni bai duba ta ba, yana jinkirta juye, yana shan man bumburutu da bai san asalinsa ba, inji ya buga, sai ya ce ai kamfanin ne ba shi da kirki.

Na san wani zai ce shekarunsa a kan babur sun ishe shi, kunnensa kaɗai ya san lafiyar inji. Gaskiya ne, kuma littafi ba zai maye gurbin wannan kunnen ba. Sai dai zuciya tana riƙe babban gyaran da ya girgiza ta, ta zubar da ƙananan kashe-kashen da su ne suke cinye riba. Wani zai ce mitarsa ta mutu. Wayarta ba ta da tsada, kafin a gyara kuma a gwada kuɗin mai da cinikin yini. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami. Mai biyan balas kuwa, da zai ce babur ɗin ba nasa ba ne, shi ya fi kowa bukatar lissafin, don da shi zai san ko adadin da mai gida ya yanka masa adalci ne, da shi kuma zai zaɓi irin da zai saya ranar da Allah ya hore.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa dokar gwamnati na iya rushe kowane lissafi dare ɗaya. Ya faru. A Janairun 2013 Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A nan gida, a 2021, gwamnatin Masari ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi, ta kuma taƙaita hawan babur da dare saboda matsalar tsaro. Amma wannan dalili ne na ƙara riƙe littafi. Sana'ar da ƙofarta ke iya rufuwa ba shiri, dole mai ita ya san cikin wata nawa babur zai mayar da kuɗinsa, ya kuma fifita irin da ke da masu saye in an tashi rabuwa da shi, da takardunsa cikakku. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarku a kowace tasha su riƙa tattara littattafan masu yarda bayan wata uku-uku, domin yaron da zai ci bashi ya sayi babur ɗinsa na farko ya ga lissafin kafin ya biya.