Tara Ba Ta Gyara Lilo

Duk inda masu gidaje suka kafa ƙungiya don kula da unguwarsu, akwai maganar da ba a rasa ji a taro: "Mutanenmu sai da bulala." An karya benci a filin wasan yara, a ƙara tara. An fasa ƙwan fitila, a sa kyamara. An yi rubutu da fenti a jikin katanga, a kawo sarƙa da kwaɗo a rufe filin tun daga Magariba. Wanda ya kawo irin wannan shawara shi ake tafa wa, shi ne mai kishin unguwa. Wanda ya ce a dakata a yi tunani kuwa, sai a fara raɗa cewa wataƙila yaransa ne ke ɓarnar. Ni ina cikin masu cewa a dakata, kuma ina da hujja. Wannan tafarki ba ya gyara unguwa. Abin da yake yi shi ne ya mayar da maƙwabci ɗan sanda a kan maƙwabcinsa, kayan jama'a kuma su ci gaba da ruɓewa.

Amurka ce ƙasar da ta fi kowa nisa a wannan hanya, don haka a can ya kamata a duba inda take kaiwa. A 1970 ƙungiyoyin masu gidaje a can ba su wuce 10,000 ba. Yau sun haura 350,000, kuma sama da mutum miliyan 70 ne ke zaune a ƙarƙashin dokokinsu. Shiga ba ganin dama ba ne: ka sayi gida a rukunin, ka zama ɗan ƙungiya, domin sharuɗɗan suna manne da takardun gidan. Kwamiti ne ke faɗin kalar fentin ƙofarka, da tsawon ciyawar ƙofar gidanka, da lokacin da za ka fitar da kwandon shara. Tun 1994 masanin siyasa Evan McKenzie ya nuna a littafinsa Privatopia cewa waɗannan ƙungiyoyi ƙananan gwamnatoci ne, suna karɓar kuɗi suna yanke hukunci, amma ba tare da takunkumin da tsarin mulki ya sa wa gwamnati ba.

Ga abin da aka yi da wannan iko. A Houston ta jihar Texas, wata tsohuwa mai shekara 82 da mijinta ya rasu ta rasa gidanta a 2001 saboda bashin kuɗin ƙungiya da bai kai dala 900 ba. Gidan da ya kai dala 150,000 aka yi gwanjonsa a kan 5,000. Sai da jaridu suka yi caa kafin a mayar mata da shi, majalisar jihar kuma ta yi sabuwar doka. A 2008, a jihar Florida, an kai wani dattijo mai shekara 66 gidan yari saboda ciyawar ƙofar gidansa ta bushe. Ƙungiya ta kai shi kotu, alƙali ya ba da umarnin ya sake dasa ciyawa, ba shi da kuɗin, aka ce ya raina kotu. Abin da ya fitar da shi shi ne abin da ya kamata a yi tun farko: mutane suka ji labari, suka zo da shebur da sabuwar ciyawa, suka gyara wurin da hannunsu. Aikin da wasiƙun lauya suka yi wata da watanni ba su yi ba, maƙwabta sun gama shi a yini guda.

Za a ce waɗannan tsiraru ne, kuma gaskiya ne ba kowace ƙungiya ke kai mutum kurkuku ba. Amma tsirarun sun nuna inda idon kwamiti yake. Idonsa yana kan abin mutum ɗaya: ciyawarsa, motarsa, shanyarsa. Dalili a fili yake. Mai gida yana da suna da lambar gida, ana iya aika masa takarda, kuma tararsa kuɗi ce mai shigowa. Filin wasa ba shi da lambar gida. Gyaransa kuɗi ne mai fita, ga wahalar neman mai walda, ga tsayawa a kansa cikin rana. Sai kwamiti ya zaɓi aikin da ke da sauƙi, ya kuma ji a ransa cewa yana aiki.

Wanda ya taɓa tsayawa a filin da aka yi wa haka ya san yadda abin ke tafiya. Sarƙar lilo guda ta tsinke, kujerar tana reto ta gefe ɗaya. Mako biyu babu wanda ya taɓa ta. Iyaye mata suka daina kawo ƙananan yara, domin akwai ƙarfe mai kaifi a inda sarƙar ta rabu. Da suka daina zuwa, mai gyaɗa da ke zama a bakin ƙofa ta koma wani wuri. Ƙwan fitila ya mutu, ba wanda ya kai ƙara tunda ba mai zama da daddare. Bayan wata uku sai ga ledoji da kwalabe a ƙarƙashin benci, ga sunan wani da baƙin fenti a katanga. A taro na gaba za a ce 'yan iska sun lalata fili. Ba wanda zai tashi ya ce mu ne muka fara sakin sa tun ranar da sarƙa ta tsinke.

Wannan ba hasashe ba ne. A birnin Groningen na ƙasar Holan, masu bincike sun yi wani gwaji da aka buga a mujallar Science a 2008. Sun rataya takardun talla a hannun kekunan da aka ajiye a wani lungu, suka koma gefe suna kallo. Lokacin da bangon lungun yake fes, kashi 33 cikin ɗari na masu kekunan ne suka yar da takardar a ƙasa. Da aka ɓata bangon da fenti, sai adadin ya tashi zuwa 69. A duka lokutan biyu akwai allon da ya hana rubutu a bango, a kafe a wurin. Allon bai sauya ba, bangon ne ya sauya, kuma bangon mutane suka bi.

Masu son bulala suna yawan jingina da maƙalar nan ta fasassun tagogi da James Q. Wilson da George Kelling suka buga a 1982. Amma tushen maganarsu taga ce da aka fasa aka bari ba a gyara ba, har masu wucewa suka gane cewa ba mai kula da gidan. Aka ɗauki ɓangaren kamu da hukunci aka yi ta gudu da shi, aka bar gilashin a fashe. A Philadelphia an gwada ɗaya ɓangaren. Charles Branas da abokan aikinsa sun bi ɗaruruwan kangwayen filaye, aka share wasu, aka dasa ciyawa da 'yan bishiyoyi, aka kewaye su da gajeren shinge na katako wanda yaro ma zai tsallake. Sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna harbe-harben bindiga sun ragu da kashi 29 cikin ɗari a kewayen filayen da aka gyara a unguwannin talakawa. Ba a kama kowa don a samu wannan ba. Tsintsiya aka sa, da injin yankan ciyawa mai dawowa a kai a kai.

Batun kwaɗo shi ya fi ba ni takaici. Rufe fili da dare ba ya korar mai ɓarna, domin shi ta katanga yake shiga. Wanda ake kora shi ne dattijon da ke son miƙe ƙafa bayan Isha'i, da matar da ta taso daga aiki tana son yaranta su ɗan sha iska. Su ne masu gadin filin na gaskiya, kuma ba a biyansu ko sisi. Lambun Bryant da ke tsakiyar New York ya zama matattarar masu sayar da ƙwaya a shekarun 1970, a lokacin da dogayen shingayen itace suka ɓoye cikinsa daga idon masu wucewa. Da aka sake buɗe shi a 1992, bisa shawarar masanin birane William H. Whyte, an cire shingayen, an ƙara ƙofofi, an zuba kujerun da kowa zai iya ja ya kai inuwa. Jama'a suka cika wurin, masu ƙwaya suka rasa lungu.

Akwai kuma abin da tsoron "baƙon ido" ke haifarwa idan aka mayar da shi manufa. A watan Fabrairun 2012, a wani rukunin gidaje mai ƙofa da katanga a Sanford ta Florida, George Zimmerman, jagoran masu sa ido na unguwar, ya bi Trayvon Martin, yaro baƙar fata mai shekara 17 da ke dawowa daga kanti zuwa gidan da ya sauka a cikin rukunin. Ya harbe shi har lahira. Kotu ta wanke Zimmerman a 2013, ƙungiyar masu gidajen kuma ta sasanta da iyayen yaron da kuɗi. Duk unguwar da ta saba cewa ɓarna daga waje take zuwa, tana koya wa mutanenta kallon duk matashin da ba su sani ba a matsayin ɓarawo.

Kada a fahimce ni a karkace. Doka wajibi ce. Wanda ke da hali ya ƙi biyan kuɗin shara da na maigadi yana cin gumin maƙwabtansa ne, kuma yaron da ya karya benci da gangan dole ya ɗanɗana kuɗarsa. Tambayar ita ce wace irin doka, wa ya yi ta, kuma wa take hawa kansa. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin al'ummomin da suka riƙe kayan tarayya, makiyaya da dazuzzuka da hanyoyin ban-ruwa, na ɗaruruwan shekaru ba su lalace ba. Ta tarar cewa a wuraren da abin ya ɗore, waɗanda doka za ta shafa suna da baki wajen yin ta, masu sa ido suna amsa tambaya a gaban jama'a, hukunci kuma hawa-hawa ne, yana farawa da ɗan kaɗan. Bahaushe bai buƙaci kyautar Nobel ba kafin ya san wannan. Mai unguwa yakan fara da kiran uban yaro gefe, kuma aikin gayya ya yashe kwata da yawa kafin a san wani abu wai shi kwamiti.

To a rukunin gidajenmu na yau, a Abuja da Kaduna da Kano, inda ƙungiyoyin mazauna ke ta yawaita, wa ke da baki? Sau da yawa masu gidaje ne kawai, wasunsu ma ba a unguwar suke kwana ba. Ɗan haya yana biyan kuɗin hidima amma ba ya jefa ƙuri'a. Samarin da suka fi kowa amfani da filin ƙwallo ba a taɓa gayyatarsu taro ba, sai dai su ga sanarwa a manne a ƙofa. Mutumin da aka nuna masa cewa wuri ba nasa ba ne, da wane dalili zai kare shi? A ba samarin nan mabuɗin ɗakin ajiye raga da ƙwallo, a ce fentin katangar filin a wuyansu yake, a saya musu fentin. Yaron da ya karya benci a sa shi ya riƙe wa mai walda ƙarfe ranar Asabar har a gama, a gaban ƙannensa. Wannan ya fi tarar da ubansa zai tura ta waya ya manta.

Sannan akwai kuɗin kansu. A Nuwamban 2022 aka kama wasu shugabannin ƙungiyar Hammocks da ke yankin Miami bisa zargin wawure sama da dala miliyan 2 na mazauna. Kwamitin da ke auna tsawon ciyawar mutane shi ma yana buƙatar mai auna shi. Amma laifin ba na kwamiti kaɗai ba ne, mu mazauna muna da namu kason, domin mun fi son shugaban da zai ci maƙwabcinmu tara a kan wanda zai ce mu ƙara kuɗin gyara. A Surfside ta Florida, injiniya ya yi gargaɗi tun 2018 cewa akwai babbar ɓaraka a kankaren benen Champlain Towers South. Aka yi ta ja-in-ja a kan kuɗi, yawancin 'yan kwamitin masu gidajen benen suka ajiye aiki, kuɗin gyaran ya haura zuwa dala miliyan 15. Ranar 24 ga Yunin 2021 benen ya rufta, mutum 98 suka mutu.

Su kansu Amurkawa sun fara ja da baya. A 2022 jihar Colorado ta ƙayyade tarar da ƙungiya za ta iya ci a kan yawancin laifuffuka zuwa dala 500, ta kuma hana a yi gwanjon gidan mutum saboda bashin tara kawai. A 2024 Florida ta hana cin tara don an bar kwandon shara a bakin titi na ƙasa da awa 24 kafin ko bayan zuwan motar kwasa. Sai da majalisa ta zauna a kan kwandon shara kafin a rage wa kwamitoci hannu. Mu da muke kan farkon hanyar ba mu da dalilin bin su har can mu dawo.

A taro na gaba, kafin a buɗe maganar sabuwar tara, wani ya miƙe ya nemi a karanta nawa aka tara bara, nawa aka kashe a kan filin wasa, da kwana nawa lilo ya yi a tsinke kafin a kira mai walda. A rubuta a dokar ƙungiya cewa duk abin da ya lalace a filin jama'a za a gyara shi cikin mako guda, a ware masa kuɗinsa daban tun farkon shekara, a kuma sa sunan wanda za a tambaya idan makon ya wuce.