Ɗalibin Ilmin Tattalin Arziki da Kasuwar Ƙofar Gidansa

Ilmin tattalin arziki yana daga cikin fannonin da ɗalibai ke rububin shiga a jami'o'in ƙasar nan, kuma babu shakka fanni ne mai daraja, domin shi ke nazarin yadda al'umma ke sarrafa ɗan abin da take da shi don biyan bukatunta da ba su ƙarewa. Sai dai akwai giɓi babba a yadda ake karanta shi. Sau da yawa ɗalibi yakan shekara huɗu yana haddace ƙa'idoji, amma idan mai shago a Kantin Kwari ya tambaye shi dalilin da ya sa atamfar da aka ɗauko tun daga ƙasar Sin ta kori wadda ake bugawa a Kaduna, sai ya yi tsuru-tsuru. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, karatun bunƙasar arziki da ciniki da gasa ba ya cika sai an ɗora shi a kan tarihin ƙasar da ɗalibi ke takawa.

A fara da ciniki. Tun a shekarar farko akan koya wa ɗalibi ra'ayin David Ricardo na 1817, wato kowace ƙasa ta duƙufa ga abin da yin sa ya fi mata sauƙi idan aka auna da sauran abubuwan da za ta iya yi, sannan ta sayi ragowar daga wasu. Misalin da akan ba shi kuwa shi ne na tufafin Ingila da giyar inabin Fotugal, alhali ga misali mai rai a ƙofar gida. Sa'ad da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, Turawa auduga suka sa rai za su samu don masaƙun Ingila. Manoma suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma idan shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, sai suka koma mata. Daga nan aka sami dalar gyaɗa, aka kuma sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Ashe manomin da bai taɓa jin sunan Ricardo ba ya aikata ƙa'idarsa.

To, ina dalar ta tafi? Akan ce fari ne na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975. Gaskiya ne, amma fari da cuta sukan wuce, manomi ya koma gonarsa. Abin da ya hana komawa shi ne kuɗin man fetur. Da kuɗin waje suka kwararo, sai Naira ta yi tsada, kayan waje suka yi arha, amfanin gonar da ake fitarwa ya rage riba, majiya ƙarfi kuma suka bar ƙauyuka suka nufi birane neman aikin albashi. Masana suna kiran wannan cutar Holan, saboda irinta ta sami masana'antun ƙasar Holan bayan an gano iskar gas a can a 1959. Ɗalibin da ya san sunan cutar bai san yadda ta kwantar da gyaɗar Kano ba, rabin karatu ya yi.

Batun gasa ya fi wannan sarƙaƙiya. Tun 1776 Adam Smith ya bayyana cewa gasa tsakanin masu sana'a tana sauko da farashi, tana gyara aiki. Wannan ba abin musu ba ne, duk wanda ya taɓa taya kaya a kasuwar Kurmi ya san shi. Amma fa ba a haɗa dambe tsakanin ƙosasshe da mai jin yunwa, sannan a ce an gane gwani. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har unguwar Kakuri ta cika da dubban ma'aikata. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ba ta tsayawa, ga kuma yadin fasa-ƙwauri yana shigowa ta iyakokin Benin da Nijar. A 2002 masaƙar nan ta rufe, sauran ma suka bi sahu.

Wani zai ce, ai maganin a fili yake, a rufe iyaka. An gwada. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 iyakokin Nijeriya na tudu a rufe suke, kuma abin da talaka ya fi tunawa shi ne tashin farashin shinkafa. Kariya ga masana'antu tsohuwar dabara ce, Alexander Hamilton ya ba Amurka shawararta tun 1791. Ƙasar da ta fi cin moriyarta a ƙarnin da ya wuce, wato Koriya ta Kudu, sharaɗi ta gindaya: daga shekarun 1960 kamfanin da ya sami rance mai sauƙi da kariya dole ya nuna ya sayar da kayansa a kasuwannin waje, in ya gaza a janye tallafin. Kariyar da ba ta da sharaɗi, ba ta da wa'adi, ragwanci take haifarwa, mai saye kuma shi ke biya.

Sai batun bunƙasa. A watan Afrilun 2014 aka sake lissafin arzikin Nijeriya, aka sami kimanin dala biliyan 510, ƙasar ta sha gaban Afirka ta Kudu a lokacin. Amma washegari babu gidan da tukunyarsa ta ƙara cika, domin ma'aunin aka canza. Alƙaluman bunƙasa suna faɗin girman tulin, ba su faɗin yadda aka raba shi. Wajibi ne ɗalibi ya saba da tambayar ko wane ne ya sami aiki, ko nawa mudun gero ya koma.

Akwai masu cewa ilmin tattalin arziki ɗaya ne a duk duniya, lissafinsa ba shi da ƙabila, saboda haka tsayawa kan Kano da Kaduna ƙuntata wa ɗalibi ne. Suna da gaskiya a kan lissafi, kuma babu mai neman a rage ko darasi guda daga cikinsa. Abin da ake nema shi ne a ba lissafin aikin yi. Kafin ɗalibi ya karɓi digiri, ya kamata ya zauna a kasuwa irin ta Dawanau na wasu watanni, ya rubuta farashin hatsi mako-mako, ya bi sawun buhu daga gona zuwa iyaka, sannan ya auna abin da ya gani da abin da littafi ya faɗa. Gani ya kori ji.

A nan Sashen Hausa ma yana da nasa nauyin. Ya dace ɗalibansa su haɗa kai da na tattalin arziki su daidaita kalmomin fannin, yadda hauhawar farashi da giɓin kasafi da karya darajar kuɗi za su zama abin tattaunawa a zaure da gidan rediyo, cikin harshen da manomi ke ji. Tun Janairun 2021 aka buɗe yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, kuma waɗanda ke aji a yau su ne za su ba hukuma shawara kan abin da za a kare da abin da za a saki. Idan suka fita ba su san abin da ya ci gyaɗa da masaƙu ba, to, fata da riɗi da shinkafa suna iya bin hanyar da waɗancan suka bi.